ƘARA ƊAKUNAN HAYA A BAYAN GIDA: ABIN DA YA WAJABA MAI GIDA YA SANI

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Legas, ko Abuja, ko Kano, ko Fatakwal, ya san irin wahalar da ke cikin al'amarin. Malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, da saurayin da ke shirin aure, da ɗalibin da bai sami masauki a makaranta ba, dukkansu sukan yi makonni suna bin dillalai kafin su dace da inda za su sa haƙarƙarinsu. A cikin waɗannan garuruwa kuwa akwai dubban gidaje masu sauran fili a baya, wanda ba a yin komai da shi sai tara tarkace ko ɗaure akuya.

Mai gidan da ya gina ɗaki ɗaya ko biyu a irin wannan fili ya ba da haya yana iya taimakon kansa, ya kuma rage wa garinsu ƙarancin muhalli. Amma fa amfanin yana samuwa ne in an yi aikin bisa ƙa'ida, watau da izinin hukuma, da gini mai ƙwari, da tsabta, da rubutacciyar yarjejeniya. In aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan huɗu, ɗakin da aka gina domin samun kuɗi yakan zama sanadin hasara, ko shari'a, wani lokaci ma har da rasa rai. Wannan ɗan littafi zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

1. Dalilin da ya sa ake bukatar ɗakunan

A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya sun kai kimanin miliyan 55 da rabi. A ƙidayar 2006 sun zarce miliyan 140, a yau kuwa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna sun wuce miliyan 200, kuma fiye da rabinsu a birane suke zaune. Kowace shekara ana ƙara aure, ana ƙara haihuwa, ana kuma ƙara barin ƙauye.

Gwamnatoci sun sha ƙoƙarin magance matsalar. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Shirin Raya Ƙasa na Uku, na 1975 zuwa 1980, ya ƙudura gina gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta tsara gina gidaje 40,000 kowace shekara, watau 2,000 a kowace daga cikin jihohi 19 na lokacin da kuma Abuja, nan ma abin da aka gama kafin ƙarshen 1983 bai kai rabin abin da aka nufa ba. Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: baitulmali shi kaɗai ba zai iya ba kowa muhalli ba. Mafi yawan ɗakunan da jama'a ke haya a ƙasar nan, mutane ne masu zaman kansu suka gina su da guminsu, bulo kan bulo.

Ɗakin bayan gida yana da wata fa'ida da sabuwar unguwa ba ta da ita. Filin yana nan, ba sai an saya ba. Hanya tana nan, haka ma turken lantarki, da kasuwa, da makaranta. Ɗan hayan da ya zauna a cikin gari kusa da wurin aikinsa ya huta da kuɗin mota na safe da yamma.

2. Ba sabon abu ba ne

Ƙara ɗaki a jikin gida domin wani ya zauna tsohuwar al'ada ce. A gidan gargajiya na ƙasar Hausa, in samari suka tasa akan gina musu shago mai ƙofa ta waje, in ɗa ya yi aure kuma a yankar masa sashe. Fatomomi a Fagge da sauran zangunan fatake sun daɗe suna ajiye ɗakuna domin saukar baƙi. A zamanin mulkin Turawa kuma an gina wa barori ƙananan ɗakuna a bayan gidajen ma'aikata a unguwanni irin su Ikoyi a Legas da Nasarawa a Kano, waɗanda har yau ake kira boskwata. Da yawa daga cikinsu yanzu ƙananan ma'aikata ne ke hayarsu.

Wasu ƙasashe ma sun bi wannan hanya. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda tsadar gida ta addabi jama'a, majalisa ta yi dokoki a 2016 da 2019 waɗanda suka sauƙaƙa gina ƙaramin gida a bayan babba, suka kuma wajabta wa hukumomin gari su yanke shawara a kan takardar neman izini cikin kwana 60. A 2016 izinin da aka bayar bai fi dubu ɗaya da 'yan kai ba, amma zuwa 2022 ya zarce dubu ashirin a shekara. A Afirka ta Kudu kuwa, mutane da yawa da suka sami gidajen da gwamnati ta raba bayan 1994 sun kakkafa ɗakuna a baya suna ba da haya. Inda aka yi su da kwano da katako ba tsari, an sha fama da gobara da toshewar bututun bahaya, domin an ɗora wa kayan da aka tanada saboda iyali ɗaya nauyin iyali huɗu ko biyar. Misalan biyu sun nuna abu ɗaya: ɗakin bayan gida yana rage matsi, amma sai in doka da tsabta sun raka shi.

3. Mallakar fili da izinin gini

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe su amana domin jama'a. A birni Gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, a Abuja kuwa Ministan Babban Birnin Tarayya. A cikin takardar akan rubuta abin da aka ba da filin dominsa, ko gidan zama, ko kasuwanci. Wanda ya saɓa wa sharuɗɗan takardarsa, doka ta ba Gwamna ikon soke ta. Haka nan sayar da gidan ko jinginar da shi ga banki yana bukatar amincewar Gwamna. Saboda haka abu na farko shi ne mai gida ya ɗauko takardunsa ya karanta, ko ya kai wa wanda zai karanta masa.

Abu na biyu shi ne izinin gini. Mutane da yawa suna zaton cewa tun da gidan nasu ne, kuma an taɓa amincewa da zanensa, ba sai sun nemi izini ba in za su ƙara ɗaki. Wannan kuskure ne. Izinin farko ya shafi ginin da ke cikin zanen farko ne kaɗai, kowane ƙari kuwa yana bukatar nasa. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta tanadi haka, a 2003 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Shi ya sa sharuɗɗan suka bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kano hukumar KNUPDA ce ke kula da wannan aiki, a Kaduna KASUPDA, a Abuja sashen kula da gine-gine na hukumar birnin, sauran jihohi ma kowace da tata.

Ga abubuwan da hukumar takan duba: yawan filin da gini ya cinye da wanda aka bari fili, ratar da ke tsakanin gini da katangar maƙwabci, da tsakaninsa da titi, hanyar shiga da fita, inda za a yi masai, da inda ruwan sama zai bi. Ba a yarda a yi gini a kan magudanar ruwa ba, ko a bakin rafi, ko a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Wayar da ta fi kowace ƙarfi, mai kilobolt 330, an ware mata hanya mai faɗin mita 50, mai kilobolt 132 kuma mita 30.

Ginin da aka yi ba izini hukuma tana iya sa masa jan fenti, ta tsayar da aikin, ta ci mai shi tara, ko ta rushe shi, ba kuwa diyyar ko kwabo. Kuɗin neman izini ɗan kaɗan ne in aka gwada shi da kuɗin bulo da kwanon da za su zama baraguzai. Lalle ne kuma a biya shi a inda hukuma ta ce, a karɓi rasit, kada a damƙa wa wani ɗan tsakani a bakin ofis.

4. Gidan gado da haƙƙin maƙwabci

Rigingimu da yawa da ke gaban alƙalai sun samo asali ne daga ɗakin da wani ya gina a gidan da ba a raba gadonsa ba. Babban wa ya zuba kuɗinsa ya gina, yana karɓar haya shekara da shekaru, ran da aka zo rabo sai 'yan'uwa su ce ƙasar da ɗakin ke kai tasu ce su duka, har da mata da marayu. Wanda ke son gini a gidan gado, ya fara neman a raba, ko kuwa ya sami yardar dukan magada a rubuce, gaban shaidu, a bayyana wanda ke da ɗakin, da wanda zai ci hayarsa, da yadda za a lissafa shi ranar rabo.

Maƙwabci ma yana da haƙƙi. Kada a buɗe taga inda za ta leƙa tsakar gidansa, kada a juya indararo ko bakin kwano ya riƙa zuba a jikin katangarsa, kada kuma a haƙa salga dab da rijiyarsa. Ya kyautu a sanar da shi tun kafin a sauke yashi. Maganar da aka yi a zaure cikin girmamawa takan hana wadda za a yi a gaban mai unguwa cikin fushi.

5. Tsarin ɗakin

Fulotin da aka fi sani shi ne mai ƙafa 50 da ƙafa 100, watau kimanin mita 15 da mita 30. In babban gida ya cinye gaba, abin da ya rage a baya yakan ɗauki ɗaki biyu, ko ciki da falo guda, tare da kewaye da wurin girki. Kwaɗayin cusa ɗaki huɗu a gurbin biyu shi ke haifar da kurkukun da ba mai zama a ciki sai wanda ya rasa yadda zai yi, shi ma da ya sami sarari zai tashi.

Ɗakin kwana kada ya gaza ƙafa 10 da ƙafa 12. A yi masa taga a bango biyu domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ƙa'idar da masana gini suka saba bi ita ce faɗin tagogi kada ya kasa kashi ɗaya bisa goma na faɗin daɓen ɗakin. Wannan maganar lafiya ce. Tarin fuka da sanƙarau sun fi yaɗuwa inda mutane suka cunkushe ba iska. A annobar sanƙarau ta 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka rasu. A sa wa tagogi raga saboda sauro, a yi silin saboda zafin kwano, in an sa ƙarfen tsaro kuma a bar taga ɗaya wadda za a iya buɗe ƙarfenta daga ciki ran da gobara ta tare ƙofa.

Ya kamata ɗan haya ya sami hanyarsa dabam, wadda ba ta ratsa tsakar gidan iyali ba. Ɗan lungu a gefen katanga da ƙofa tasa ya isa. Wannan yana kiyaye mutuncin matan gida, yana kuma ba ɗan haya 'yancin shiga da fita ba tare da ya ta da kowa daga barci ba.

6. Ƙwarin gini

Araha ba ta ado. A watan Maris na 2019 bene ya rufta a Ita Faji cikin Legas, a Nuwamba na 2021 wani ya faɗi a Ikoyi, a Yuli na 2024 kuma ginin wata makaranta ya rushe a Jos da ɗalibai a ciki. A kowannensu an yi hasarar rayuka masu yawa. Ƙaramin ɗaki ma yana faɗuwa, bangon da ya faɗa wa yaro yana barci kuwa ba ruwansa da ko na bene ne ko na ƙasa.

Ƙwarin gini daga harsashi yake farawa, harsashi kuma ƙasar wurin ce ke faɗin irin wanda ya dace. Jar ƙasa mai tsauri ba ta da wuya. Baƙar laka irin ta wasu sassan Borno da Adamawa tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta tsaga bango tare da ita. Ƙasa mai dausayi irin ta Legas da Warri da Fatakwal tana nutsewa. Wurin da aka taɓa cike kududdufi ko tsohuwar bola, ko tsohuwar salga, shi ne mafi haɗari, irinsa kuwa ya yi yawa a bayan gidaje. A irin waɗannan wurare wajibi ne a nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN. Zanen ma a ba mai zanen gini mai rajista da ARCON.

Buhun siminti kilo 50 ne. Haɗin kankare da aka saba yi wa ƙaramin gini shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Yashin ya zama mai tsabta, ba laka ba shara. Bayan an zuba kankare a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Bulon da ke marmashewa in an murza gefensa da yatsa, an yi masa rowar siminti, kada a saya komai arharsa. Kimanin bulo goma ke cika murabba'in mita ɗaya na bango, da wannan mai gida zai iya gwada lissafin da birkila ya kawo masa. A ɗaga daɓen ɗaki sama da tsakar gida, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe domin hana danshi hawa, a kuma zagaye ginin da linta a saman ƙofa da tagogi. Wanda ya zaɓi ginin tubali, ya ɗora shi a kan harsashin dutse ko bulo, ya fito da bakin rufi sosai domin kada ruwa ya ci bango.

Ɗora bene a kan tsohon boskwata ba tare da injiniya ya duba harsashinsa ba ganganci ne. Harsashin da aka yi domin ɗaki ɗaya ba a yi shi domin ɗaukar na biyu a kansa ba.

7. Ruwa, masai da wuta

Kowane mutum da aka ƙara a gida, an ƙara bukatar ruwa da masai. Ɗan haya ya sami kewayensa, in kuwa ba hali, a rubuta yadda za a riƙa wankewa da kwashewa. In tsohon ramin sokawe ne za a haɗa, a tabbata zai ɗauki ƙarin. Tsakanin salga ko sokawe da rijiya, masana kiwon lafiya sun ba da shawarar a bar mita 30, watau kusan ƙafa 100, rijiyar kuma ta kasance ta sama da gangare. A ƙaramin fuloti wannan rata takan yi wuya, saboda haka a nemi shawarar duba-gari kafin a haƙa, ruwan rijiyar kuma kada a sha sai an tafasa ko an sa masa magani. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, hanyarta kuwa ita ce najasa ta gauraya da ruwan sha.

Filin bayan gida shi ne a da yake shanye ruwan sama. In an rufe shi da kwano da siminti, ruwan sai ya nemi wata hanya, sau da yawa kuwa ɗakin maƙwabci ce. A yi kwata mai gangara zuwa magudanar titi, a bar wani yanki na tsakar gida ba daɓe, in akwai bishiya a bar ta.

Aikin waya a ba gwani, ba yaron da ke koyo ba. Mafi alheri ɗan haya ya sami mitarsa daga kamfanin rarraba lantarki, domin rabon kuɗin wuta na cikin manyan abubuwan da ke haɗa mai gida da ɗan haya faɗa. Jan wuta ta bayan mita laifi ne. Janareto kuwa a ware masa wuri a sarari, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta sha hallaka iyali guda cikin dare ɗaya. Haka ma garwashin gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu. Tukunyar gas a ajiye ta inda iska ke ratsawa.

8. Lissafin kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a haƙa harsashi, mai gida ya zauna ya yi lissafi a takarda. Ga misali, alƙaluman cikinsa na gwaji ne kurum, kowa ya sa na garinsu a madadinsu. A ce mutum ya kashe ₦6,000,000 ya gina ɗaki biyu da kewaye, ya ba da kowanne ₦300,000 a shekara. Abin da zai shigo shi ne ₦600,000. In ya ware kashi ɗaya bisa goma domin gyara, watau ₦60,000, ya kuma ƙaddara ɗakunan za su zauna wata ɗaya ba kowa, watau ₦50,000, saura ₦490,000. Ke nan sai ya yi shekara goma sha biyu da 'yan watanni kafin uwar kuɗinsa ta dawo. In kuwa rance ya ci mai ruwa kashi 25 cikin ɗari, ruwan kaɗai ₦1,500,000 ne a shekara, watau ninki uku na abin da ɗakunan ke kawowa. Wanda ya jinginar da gidan da iyalinsa ke ciki a kan irin wannan rance yana iya rasa babban gidan saboda ƙaramin.

Saboda haka hanya mafi aminci ita ce gini sannu a hankali daga tanadi, ko adashi, ko rancen ƙungiyar gama kai. A gama ɗaki ɗaya sarai, a sa ɗan haya, hayarsa ta taimaka wajen na biyu. Ɗaki ɗaya da aka kammala ya fi huɗu da suka tsaya a linta ruwa na dukansu. Ma'aikacin da ake cire wa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya zuwa Bankin Ba da Rancen Gidaje na Tarayya ya tambayi abin da ya cancanta, sai dai ya sani asalin manufar asusun ita ce gidan da mai biya zai zauna a ciki. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, na farkonsu ya fara aiki a 2012.

Kuɗin haya yana cikin kuɗin shiga da ake biya wa haraji. Mai gida ya ajiye littafin da zai riƙa rubuta abin da ya karɓa da abin da ya kashe.

9. Zama da ɗan haya

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Maganin saɓani shi ne rubutu. Yarjejeniyar ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, da yawan kuɗi, da ranar biya, da tsawon wa'adi, da adadin waɗanda za su zauna, da wanda ke da alhakin wane gyara, da yadda za a biya ruwa da wuta da kwashe shara. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa, a kuma biya harajin hatimi. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit. Dokar Haraji ta 2025 ta tanadi rangwame ga mai biyan haraji da ke zaman haya, kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarsa ₦500,000, saboda haka rasit ya ƙara muhimmanci gare shi.

Dokokin haya na jihohi ne. Dokar Jihar Legas ta 2011, alal misali, ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin sassan jihar. Ta kuma tsara cewa, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biya wata-wata a ba shi notis na wata ɗaya, mai biya shekara-shekara kuma na wata shida. A Abuja ma wa'adin haka yake. In wa'adi ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai, sa'an nan a kai ƙara. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya. Kware masa rufi, ko datse masa ruwa, ko watso kayansa waje, yana mai da mai gaskiya ya zama mai laifi.

Ya halatta mai gida ya bincika halin wanda zai sa a bayan ɗakin 'ya'yansa, ya san sana'arsa, ya nemi wanda zai tsaya masa. Abin da bai kyautu ba shi ne a hana mutumin kirki ɗaki saboda ƙabilarsa ko jihar da ya fito. Ɗan Sakkwato da ke neman ɗaki a Anaca da ɗan Anaca da ke nema a Sakkwato bukatarsu ɗaya ce. Ɗan haya shi ma wajibinsa ne ya biya a kan lokaci, ya kula da ɗakin kamar nasa, ya girmama al'adar gidan da ya tarar.

10. Abubuwan tunawa

Kafin mai gida ya kira birkila, ya tabbata ya iya amsa waɗannan tambayoyi da "i":

1. Takardun filin suna hannu, kuma duk mai haƙƙi a gidan ya yarda a rubuce?
2. Hukumar tsara gari ta amince da zanen ƙarin ginin?
3. An duba ƙasar wurin, an san irin harsashin da ya dace da ita?
4. Ɗakin yana da iska, da haske, da kewaye, da hanyarsa dabam?
5. An san inda ruwan sama da na masai za su bi ba tare da cutar da kowa ba?
6. Kuɗin da ke hannu za su kai aikin ƙarshe ba tare da jinginar da gidan iyali ba?
7. An shirya yarjejeniyar haya da littafin rasit?

In amsar ɗaya daga cikinsu "a'a" ce, a dakata a gyara tukuna, sannu ba ta hana zuwa. Ma'auni mafi sauƙi kuwa shi ne mai gida ya tambayi kansa ko zai yarda ɗansa da amaryarsa su zauna a ɗakin da yake shirin ginawa. Wanda ke bukatar ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin tsara gari na jiharsa, ko sashen ayyuka da na duba-gari a ƙaramar hukumarsa.